Yadda na cire kalmomin sirri daga takardun ajiyar ƙungiyarmu

Shugabannin ƙungiyar da nake yi wa aikin sakatare sun ɗora mini nauyin tattara dukkan takardunmu da ke cikin kwamfuta wuri guda, tun daga na shekarun farko har zuwa na bana, domin a samu taska ɗaya wadda duk wanda ya gaje mu zai iya buɗewa ya karanta ba tare da ya je neman kowa ba. Takardun sun bi ta hannun mutane da yawa, sakatare bayan sakatare da ma'aji bayan ma'aji, kuma kusan kowannensu ya kulle abin da ya ga yana da muhimmanci da kalmar sirri ta kansa. Akwai rahotannin taro, da lissafin kuɗi, da bayanan asusu da banki ke aikowa kowane wata, da kwantiragi, da jerin sunayen mambobi. Waɗanda suka kulle su da kyakkyawar niyya suka yi, amma abin da hakan ya haifar shi ne tarihin ƙungiya gaba ɗaya ya dogara ga abin da mutane kaɗan suke iya tunawa, alhali wasunsu sun bar aiki, wasu sun tsufa, ɗaya kuma Allah ya yi masa rasuwa.

Da na kawo shawarar a cire kalmomin, wasu daga cikin shugabanni sun yi ɗari-ɗari, domin a ganinsu hakan sakin sirrin ƙungiya ne ga duk wanda ya ga dama. Na bayyana musu cewa kariyar tana nan, wurinta kawai za a sauya: maimakon kowace takarda ta kasance da nata kulle wanda mutum ɗaya kaɗai ya san mabuɗinsa, sai a buɗe takardun duka, a zuba su cikin taska guda mai kulle ɗaya mai ƙarfi wanda ƙungiya ce ke riƙe da mabuɗinsa. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne matsayar masu aikin adana takardu na dogon zamani. Tsarin PDF/A, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar a shekarar 2005 musamman domin takardun da ake so su daɗe, ya hana sirranta fayil, wato kulle shi ta yadda ba a karanta shi sai da kalmar sirri, kwata-kwata, saboda takardar da buɗe ta ya dogara ga wata kalma da ke cikin kan wani mutum, babu mai iya ba da tabbacin za a karanta ta bayan shekaru talatin. Sun amince, na kuma nemi a rubuta amincewar a cikin rahoton taro, domin mai cire kulle daga takardun jama'a yana bukatar shaidar cewa an ba shi izini.

Kafin in taɓa ko da fayil ɗaya, na kwafe komai zuwa wani faifan ajiya na dabam, na zare shi daga kwamfuta na adana, ta yadda duk abin da zai faru, a kan kwafin aiki zai faru. Daga nan na buɗe rajista, inda na riƙa rubuta sunan kowane fayil, da irinsa, da shekararsa, da wanda ake kyautata zaton shi ya kulle shi, da irin kullen da ke kansa, da abin da na yi masa. Kalmomin sirrin kansu ban sa su a cikin rajistar ba. A wata takarda ta hannu na riƙa rubuta su, wadda ba ta bar aljihun tebur mai makulli ba har aikin ya ƙare.

Tattara kalmomin ya fi komai bukatar haƙuri, kuma na ƙi yarda a turo mini su ta saƙon waya ko imel, domin abin da aka tura ta nan yakan zauna a wayoyi biyu har abada. Na riƙa zuwa wurin tsofaffin jami'ai da kaina, ko in kira su. Wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da kujerar ma'aji na tambaye shi: "Ranka ya daɗe, ko za ka iya tuna kalmar da ka kulle lissafin shekarun da ka riƙe?" Sai ya ce: "Malam Sakatare, ai kalma ɗaya ce tun farko har ƙarshe, shekarar da ke bayanta kawai nake canzawa." Wannan amsa ta buɗe fayiloli da yawa a lokaci guda, ta kuma koya mini in riƙa tambayar kowa yadda yake ƙirƙirar kalmominsa, domin mutum kan manta kalmar amma da wuya ya manta al'adarsa ta ƙirƙirar ta.

Na fara da fayilolin PDF saboda su suka fi yawa, kuma a kansu ne na fahimci cewa abin da muke kira kulle iri biyu ne da ba su da alaƙa ta fuskar ƙarfi. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a shekarar 1993, ya zama ƙa'idar ISO a 2008, kuma yana ba da damar sa wa takarda kalmomin sirri biyu. Ta farko ita ce kalmar buɗewa. Idan aka sa ta, ana juya abin da ke cikin fayil ya koma tarin lambobi marasa ma'ana, kuma daga kalmar ce ake samo mabuɗin da ke mayar da shi rubutu, don haka wanda ba shi da ita ba zai ga ko harafi ɗaya ba. Ta biyu ita ce kalmar izini, wadda mai takarda ke sa wa domin ya hana bugawa, ko kwafar rubutu, ko yin gyara. Takardar da ke da wannan kaɗai tana buɗewa ga kowa ba tare da an tambaye shi komai ba. Gaskiya ne cewa ita ma an sirranta ta, amma da mabuɗin da aka samo daga kalma fanko, wadda kowace manhajar karatu ta san ta gwada da kanta tun kafin mai karatu ya lura. Abin da ya rage shi ne wata alama a cikin fayil da ke gaya wa manhaja abin da mai takarda ba ya so a yi, sai manhajar ta zaɓi ta bi ko ta ƙi. Wannan kulle bai wuce takardar "ba a shiga" da aka manna a ƙofar da ba a sa wa kwaɗo ba. Manhajojin Adobe suna girmama alamar, wasu manhajojin kuma ba sa ko kallon ta.

Hanyar da aka fi sani ta cire kalmar buɗewa, idan mutum ya san ta, ita ce ya buɗe fayil ɗin a burauza irin Chrome, ya shigar da kalmar, ya zaɓi bugawa, sannan a maimakon firinta ya zaɓi a adana shi a matsayin sabon PDF. Na gwada ta a kan wani dogon rahoto domin in ga abin da take haifarwa, na kuma ajiye ta gefe nan take. Sabon fayil ɗin ya buɗe babu tambaya, amma jerin babi-babi da ke gefe wanda ake latsawa a tsallaka ya ɓace, guraben da ake cikewa a fom sun daskare, ranar da aka ƙirƙiri takardar da sunan wanda ya rubuta ta sun sauya, kuma da wasu firintocin PDF rubutun kansa kan koma hoto, ta yadda ba a iya neman kalma a cikinsa. Ga rasit mai shafi ɗaya wannan ba komai ba ne, amma ga taskar tarihi asara ce, domin ranar da aka rubuta takarda wani lokaci ita ce hujjar da ake nema. Manhajar Acrobat ta kuɗi tana yin aikin da tsabta: a shiga bayanan fayil, a je shafin tsaro, a zaɓi cire tsaron, a shigar da kalmar, a adana. Ta kyauta da ake karatu da ita kawai ba ta da wannan damar.

Abin da na tsaya a kansa shi ne qpdf, wata ƙaramar manhaja ta kyauta wadda Jay Berkenbilt ya rubuta, wadda ake ba ta umarni a rubuce. Alfanunta shi ne ba ta sake zana shafuka. Tana warware sirrantawar ne kawai ta bar ginin fayil ɗin yadda yake, da babi-babinsa da gurabensa da bayanansa. Kafin cirewa nakan ba ta umarnin --show-encryption, sai ta nuna mini irin sirrantawar da aka yi da abubuwan da aka hana, in rubuta a rajista. Daga nan sai umarnin --decrypt tare da kalmar, da sunan tsohon fayil da na sabo. Akwai wani abu da ya kamata mai bin wannan hanya ya kiyaye: kalmar da aka rubuta kai tsaye a layin umarni takan zauna a cikin tarihin umarnin da kwamfuta ke ajiyewa, inda duk wanda ya zauna a kanta daga baya zai iya gani. Saboda haka na yi amfani da zaɓin --password-file, wanda ke karanto kalmar daga wani ƙaramin fayil, na kuma share fayil ɗin bayan na gama. Bayanan asusu na wata-wata, waɗanda kalmarsu ɗaya ce, na jera su a folda guda na sa umarnin ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan bayanan asusu sun sa na yi tunani a kan yawan amincin da muke bai wa kalmar sirri ba tare da mun auna ta ba. Cibiyoyi da yawa kan kulle irin wannan takarda da ranar haihuwar mai asusu ko wasu lambobi kaɗan daga lambar asusunsa. Ranakun da ke cikin shekara ɗari ba su wuce kusan 36,500 ba, lambobi shida kuma iyakar haɗuwarsu miliyan ɗaya ce, adadin da kwamfuta ta gida za ta gama gwadawa cikin ɗan lokaci. Irin wannan kulle yana hana mai leƙe da ya ci karo da saƙon bisa kuskure, amma ba ya tsayar da wanda ya yi niyya. Sanin haka ya ƙara tabbatar mini da cewa cire shi bai rage wa ƙungiya wani tsaro na kirki ba, muddin wurin da za a zuba takardun yana da ƙarfi.

Akwai rukuni ɗaya da na dakata a kansa, wato kwantiragin da ke ɗauke da sa hannun lataroni. Irin wannan sa hannu lissafi ne da aka yi a kan ainihin abin da fayil ya ƙunsa a lokacin da aka sa shi, domin ya zama shaidar cewa ba a taɓa komai ba tun daga lokacin. Cire sirrantawa yana sake rubuta fayil ɗin daga farko har ƙarshe, don haka ko da kowane harafi da ido ke gani yana nan, sa hannun zai nuna cewa an sauya takardar, ya daina zama hujja. Abin da na yi shi ne na bar na asali a kulle yadda yake, na ajiye kalmarsa cikin abin da za a miƙa wa shugabanni, sannan na fitar da buɗaɗɗen kwafi domin karatu kawai, na rubuta a sunansa cewa kwafi ne.

Fayilolin da ke da kalmar izini kaɗai sun zo da tambayar da ba ta fasaha ba. Manhajar qpdf tana cire musu takunkumi ba tare da ta nemi wata kalma ba, don haka abin da zai hana ni sai hukuncin kaina. Na raba su gida biyu. Waɗanda ƙungiyarmu ta rubuta, wani tsohon sakatare ya hana kwafarsu ko bugawa, na cire musu ba tare da wani kokwanto ba, domin mai takardar ne ya ba ni izini. Amma a cikin foldodin akwai littattafan da aka saya da rahotannin wasu cibiyoyi waɗanda masu su suka sa wa takunkumi da gangan, waɗannan kuwa ban taɓa su ba. Raunin kulle ba ya mayar da takardar wani ta zama tawa, kuma dokokin ƙasashe da dama sun ɗauki wannan batu da muhimmanci. A Amurka, dokar kare haƙƙin mallaka ta zamanin dijital ta shekarar 1998 ta haramta ƙetare kariyar da aka sa wa aikin wani, kuma a ƙarƙashinta ne aka kama wani masanin kwamfuta ɗan Rasha, Dmitry Sklyarov, a Las Vegas a watan Yulin 2001, saboda wata manhaja ta kamfanin da yake wa aiki, ElcomSoft, wadda ke cire kariya daga littattafan lataroni na Adobe. A ƙarshen 2002 kotu ta wanke kamfanin, amma shari'ar ta nuna cewa a wannan fage, tambayar "wa ke da takardar" tana gaba da tambayar "yaya ake buɗe ta".

Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in huta da wahala in yi amfani da shafukan intanet da ke cire kalmar sirri kyauta, inda mutum ke ɗora fayil ya sauke shi a buɗe. Na ƙi, kuma har yanzu ina ganin wannan shi ne haɗari mafi girma a cikin aikin gaba ɗaya. Wanda ya yi haka ya miƙa wa kwamfutar wani da bai sani ba takardarsa da kalmarsa a lokaci guda, kuma ko shafin ya yi alkawarin sharewa bayan awa kaɗan, ba shi da hanyar tabbatar da an cika alkawarin. Jerin mambobinmu yana ɗauke da adireshi da lambobin waya na mutanen da suka ba mu amanarsu, kalmar ma'ajinmu kuma kalma ce da na san yana amfani da ita a wasu wuraren. Duk abin da na yi, a kwamfuta ɗaya na yi shi, mafi yawansa ma intanet a kashe.

Takardun Word da Excel da aka san kalmarsu ba su ba ni wahala ba. Ana buɗe fayil da kalmar, a shiga sashen bayanin fayil, a je wurin kare takarda inda aka sa kalmar tun farko, a goge ta daga gurbin a bar shi fanko, sannan a adana. Matakin adanawa shi ne wanda ba a so a tsallake, domin idan aka rufe ba a adana ba kullen yana nan daram, shi ya sa nakan rufe kowane fayil in sake buɗe shi kafin in yi masa alama a rajista. A nan ma na tarar da bambancin da na gani a PDF. Tun daga Office 2007, wato fitowar Word da Excel ta wannan zamanin, fayilolinsu na docx da xlsx a haƙiƙa ƙunshin ZIP ne, tsarin matse fayiloli da yawa cikin guda, mai ɗauke da ƙananan fayilolin rubutu a ciki. Wanda aka sirranta da kalmar buɗewa ya daina zama ZIP, ya koma wani sunduƙi rufaffe da ba a ganin komai a cikinsa. Wanda aka hana gyara kawai kuwa yana nan a matsayin ZIP, ana iya warware shi a karanta komai, takunkumin kuma layi ɗaya ne a cikin ɗaya daga cikin ƙananan fayilolin: sheetProtection a shafin Excel, documentProtection a saitunan Word. Kamfanin Microsoft da kansa yana faɗa cewa kariyar shafin Excel ba don tsaro aka yi ta ba, don hana mutane ɓata lissafi bisa kuskure aka yi ta.

Wani littafin lissafi na tsohon ma'aji da ya rasu yana da irin wannan kariya a kowane shafi, kuma babu wanda ya san kalmar. Na yi kwafinsa, na sauya ƙarshen sunan zuwa zip, na warware shi, na buɗe fayil ɗin kowane shafi da manhajar rubutu, na goge layin kariyar daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba tare da na taɓa abin da ke gefensa ba, na sake ƙunshe shi na mayar masa da sunansa. Da ya buɗe sai ga ƙa'idojin lissafin da ya ɓoye a bayan lambobi, har da ginshiƙan da ya lulluɓe, inda ya rubuta yadda ake raba kuɗin shiga tsakanin asusun ƙungiya dabam-dabam, abin da magadansa suka daɗe suna yi da ka ba tare da sun san tushensa ba. Duk da haka, littafin lissafin da ake aiki da shi a yanzu na bar masa kariyar shafinsa, domin a nan tana yin aikin da aka yi ta dominsa, wato hana hannu ya zame ya goge ƙa'idar lissafi. Kalmarta kawai na tabbatar an rubuta.

Ƙunshin ZIP masu kalmar sirri ba su ɗauki lokaci ba. Na warware su da manhajar 7-Zip, na shigar da kalmar, na bar fayilolin a folda. Abin lura kawai shi ne a tsarin ZIP sunayen fayilolin da ke ciki suna bayyana ko ba a san kalmar ba, wanda hakan ya taimaka mini wajen gane ƙunshin da ya cancanci a wahala a kansa da wanda kwafin abin da muke da shi ne a wani wuri.

Sai rukunin da ya fi ɗaukar hankalina, wato fayilolin da ke da kalmar buɗewa amma an manta ta. Wasu sun buɗe da ɗan tunani. Wata tsohuwar sakatariya ta ba ni kalma a rubuce da harafin ƙ, fayil ya ƙi karɓa, da na tuna cewa a shekarun da ta yi aiki allon rubutun ofis ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai na rubuta ta da k, ya buɗe. Wasu kuma babban harafi a farko ne ya raba, ko shekarar da aka kulle ta sha bamban da shekarar da ke kan rahoton, domin rahoton ƙarshen shekara a farkon ta gaba ake kammala shi. Waɗanda suka ƙi duk wannan, makomarsu ta dogara ga zamanin da aka kulle su. Tsofaffin fayilolin Word da Excel na tsarin 97 zuwa 2003, da PDF na farko-farko, da wani tsohon tsarin sirrantawa mai suna RC4, mai gajeren mabuɗi na bit 40, aka saba kulle su, saboda a wancan lokaci dokokin Amurka sun taƙaita ƙarfin sirrantawar da ake fitarwa ƙasashen waje, har zuwa sassaucin da aka yi a shekarar 2000. Bit 40 yana nufin mabuɗai sama da tiriliyan ɗaya da kaɗan, adadin da kwamfutar yau mai katin hoto mai ƙarfi za ta iya bi duka, komai tsawon kalmar da aka sa. Ta haka na buɗe wasu tsofaffin rahotanni da hashcat, manhajar da ke gwada mabuɗai da kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, na bar kwamfuta tana aiki har ta gano.

Sababbin fayiloli labarinsu dabam ne. Su da AES aka kulle su, tsarin da masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta ɗauke shi a 2001, kuma babu wata hanya da aka sani ta bin mabuɗansa ɗaya bayan ɗaya a gama. Abin da ya rage shi ne cankar kalmar kanta, shi ma an tsananta shi da gangan: tun daga Office 2010, kowace kalma da aka gwada sai an maimaita mata lissafi sau 100,000 kafin a san ko ta dace. Kalma mai ƙananan haruffan Ingilishi takwas kawai tana da haɗuwa sama da biliyan 200, idan kuma aka gauraya manyan haruffa da lambobi da alamomi adadin ya wuce abin da za a jira. Microsoft ma ba ya iya dawo wa mutum da kalmar da ya manta. Na haɗa jerin kalmomin da jami'anmu suka saba amfani da su, na sa hashcat ta jujjuya su da shekaru da manyan haruffa da lambobi a ƙarshe, wasu fayiloli suka buɗe ta wannan hanya. Waɗanda marigayin ya kulle a shekarunsa na ƙarshe ba su buɗe ba. Ya kasance mutum mai kiyaye amana ƙwarai, kalmominsa dogaye ne, kuma ba su bi tsarin kowa ba. Wani ɓangare na abin da ke cikinsu na sake haɗa shi daga kwafin da aka buga a takarda da kuma saƙonnin da ya tura wa shugabanni.

Bayan cirewa na bi kowane buɗaɗɗen fayil na gwada shi da na asali: yawan shafuka, neman wata kalma a ciki domin in tabbatar rubutun bai koma hoto ba, jimillar ƙarshe a littattafan lissafi. Rahotannin da aka kammala na mayar da su tsarin PDF/A. Daga nan na ƙirƙiri taska da VeraCrypt, wadda ke yin fayil guda babba da ke buɗewa kamar faifai idan an shigar da kalmarsa, na zuba komai a ciki, na yi kwafinta a faifai biyu da ake ajiyewa a wurare dabam-dabam. Kalmar taskar jimla ce doguwa, an rubuta ta a takarda biyu, an rufe kowace a ambulan, ɗaya a hannun shugaba ɗaya a hannun ma'aji, an kuma sa a cikin ƙa'idar miƙa mulki cewa sabon jami'i zai buɗe taskar a gaban jami'in da ke sauka kafin a sa hannu a takardar miƙawa. Buɗaɗɗun kwafin da suka rage a kwamfutar aiki, da foldar saukewa, da kwandon shara, da ƙananan fayilolin da na rubuta kalmomi a ciki, duk na share su, kuma da yake faifan kwamfutar kansa a kulle yake da BitLocker, manhajar da ke sirranta faifai gaba ɗaya, abin da sharewa ta bari a baya ba ya karantuwa ga wanda ya zare faifan.

Fayilolin da suka ƙi buɗewa ban share su ba. Suna cikin taskar a folda ta musamman, tare da bayanin wanda ya kulle kowanne, da shekarar, da irin sirrantawar da ke kansa, da jerin kalmomin da aka riga aka gwada, domin wanda zai ci gaba kada ya maimaita abin da aka gama. Iyalan marigayin sun yi alkawarin duba littattafansa na hannu idan sun zo rabon takardunsa, na kuma rubuta musu sunayen fayilolin da shekarunsu domin su san irin abin da za su nema.